Shin da Gaske Gizo-gizo Yana Cin Kwaɗo da Ƙadangare?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun ilimin halittu. Na ga hoto a waya, wani ƙaton gizo-gizo ya danne kwaɗo a kan ganye yana ci, aka ce a kurmin Amazon aka ɗauka. Mu dai abin da muka sani shi ne kwaɗo da ƙadangare su ke cin gizo-gizo da sauran ƙwari. Shin wannan gaskiya ne ko haɗa hoton aka yi? In gaskiya ne, ta yaya abin da ba shi da haƙori zai ci mai ƙashi? Kuma akwai irin wannan a Afirka?

Amsa: Hoto guda ana iya haɗa shi da kwamfuta, musamman a wannan zamani, amma abin da ka ce ka gani ba ƙage ba ne. Gizo-gizo yana kama kwaɗo, yana kama tsaka da 'ya'yan ƙadangaru, ya kashe su da dafi ya cinye, kuma a kurmin ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama wannan abu ne na kowane dare. Abin da ya sa ya ba ka mamaki shi ne tsarin da muka tashi da shi a zuci, wato mai ƙashin baya shi ne a sama, ƙwaro da danginsa kuwa nasu a ci su ne kawai. A kurmi ba a duba ƙashin baya. Abin da ke raba gardama shi ne wa ya fi wani girma a daidai lokacin da suka haɗu, da kuma wa ya riga jin motsin wani.

Mutumin da ya fi kowa tattara rahotannin wannan al'amari shi ne Martin Nyffeler na Jami'ar Basel da ke ƙasar Siwizalan. A shekarar 2020 shi da abokin aikinsa Ronald Altig, masanin kwaɗi, suka fitar da bayanin lokuta 374 da aka ga gizo-gizo ya kama kwaɗo, waɗanda suka tsinto daga rubuce-rubucen masana da hotunan da mutane suka ɗora a intanet. Rahotannin sun fito daga kowace nahiya ban da Antatika, amma fiye da kashi 80 cikin 100 sun fito ne daga yankuna masu ɗumi, tsakanin digiri 30 arewa da digiri 30 kudu da layin ikwaita, kuma inda suka fi cunkushewa shi ne kurmin Amurka ta Tsakiya, da kurmin Amazon, da kurmin gaɓar tekun Atalantika a Barazil. Kwaɗin da aka ci sun haura nau'i 200, masu cin su kuma sun haura nau'i 100. Ka riƙe a zuciyarka cewa nau'o'in gizo-gizo da aka sani a duniya sun wuce 50,000, domin za mu dawo kan ma'anar wannan tazara.

A cikin duk alƙaluman nan guda biyu ne suka fi warware tambayarka. Matsakaicin tsawon kwaɗon da aka kama santimita 2.76 ne, matsakaicin tsawon jikin gizo-gizon da ya kama shi kuwa, ba tare da ƙafafu ba, santimita 2.24. Ka dubi gaɓar ƙarshe ta babban yatsanka, wadda farce ke kanta, to kwaɗon bai wuce haka ba. Idan Bahaushe ya ji an ce kwaɗo, wanda ke zuwa masa a rai shi ne mai kaushin baya da ke laɓewa a gindin randa, ko burduddugin tafki da ake kamawa da damina, kuma gaskiya ne da wuya gizo-gizo ya tunkari waɗannan in sun girma. Kwaɗin kurmi daban suke. Akasarinsu ƙanana ne ƙwarai, wasu na zama a cikin ruɓaɓɓun ganyaye a ƙasa, wasu a kan rassa, kuma da yawa daga cikinsu, kamar dangin Pristimantis na Amurka ta Kudu masu ɗaruruwan nau'o'i, ba sa ma bi ta matakin talibambam a ruwa: uwa takan saka ƙwai a wuri mai laima, sai ɗan kwaɗo cikakke ya ƙyanƙyaso, wanda ko kan farce bai cika ba. A tsibirin Niyu Gini akwai wani mai suna Paedophryne amauensis, wanda aka bayyana wa duniya a 2012, babbansa bai kai milimita 8 ba. Ƙudan zuma ya fi shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, wannan kurmin da ya ƙanƙanta kwaɗi shi ne ya girmar da gizo-gizo, domin babu sanyin hunturu da zai datse masa girma, babu rani mai busar da komai, abinci kuma ba ya yankewa duk shekara. Mafi nauyi a cikinsu, Theraphosa blondi na kurmin Guyana da Surinam da arewacin Barazil da kudancin Benezuwela, yakan kai giram 170 ko fiye, kuma in ya buɗe ƙafafunsa yakan kusa santimita 30, wato faɗin faifai. Ƙasa da shi akwai matsakaita masu ɗimbin yawa waɗanda faɗinsu ya kai tafin hannu. To idan wuri guda ya haɗa dubban kwaɗi masu girman gyaɗa da dubban mafarauta masu dafi da faɗin tafin hannu, kuma dukansu da dare suke fitowa, a kan ganye ɗaya suke zama, a bakin kududdufi ɗaya suke taruwa, abin mamaki shi ne a ce ba su ci juna ba.

Wani kuskure da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa a cikin yana ake kama kwaɗon. Gizo-gizon da muka saba gani a kusurwar ɗaki mai saƙa ne, shi ya sa ba mu raba shi da yana a tunaninmu. Amma a cikin rahotannin nan 374, kashi 85 cikin 100 aikin mafarauta ne waɗanda ba sa saƙa tarko ko kaɗan. Suna da zare, suna amfani da shi wajen naɗe ƙwai ko shimfiɗe maɓoya, amma abincinsu da ƙafa da fiƙa suke kama shi. Kan gaba a cikinsu su ne dangin da masana ke kira Ctenidae, masu yawon dare, waɗanda suka haɗa da Phoneutria, wanda ya yi suna a Barazil saboda ƙarfin dafinsa har ga mutum, sai kuma Ancylometes, ƙaton da ke zama a bakin rafi, yana tafiya a kan ruwa, in ya ji tsoro ya nutse ya daɗe a ƙasa da iskar da ta maƙale a gashin jikinsa. Sai masunta irin su Dolomedes da Trechalea da Thaumasia, sai masu faɗin jiki da ke laɓewa a bayan ɓawon itace, sai kuma tarantula, masu kauri da gashi, mazauna ramuka da kogunan itatuwa.

Kalmar farauta ma tana iya ɓatar da mutum, domin ba bin sawu suke yi da gudu kamar karen farauta ba. Kwanton ɓauna ne. Wanda ya shiga irin wannan kurmi da dare, ya ɗaura tocila a goshi, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙananan ɗigo-ɗigon haske masu kore-kore suna walƙiya a ƙasa da kan ganyaye kamar raɓa, kuma kowane ɗigo idon gizo-gizo ne, saboda a bayan idanun akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske irin na idon kyanwa. Ka matsa kusa da guda ɗaya sai ka same shi a kan faffaɗan ganye, kamu ɗaya ko biyu sama da ruwa, kansa a sunkuye, ƙafafu takwas a baje, ko motsi ba ya yi. Zai iya kwana a haka. A kewaye da shi mazan kwaɗi na ta kiran mata, maƙogwaro na kumbura yana sacewa, kowanne hankalinsa na kan kishiyoyinsa. Ɗaya ya yi tsalle ya sauka a ganyen da bai kamata ba. Abin da ke biyo baya ya fi ƙiftawar ido sauri, sai dai ka ga gizo-gizon ya riga ya rufe shi da ƙafafu kamar an kifa kwando, ƙafafun bayan kwaɗon sun leƙo ta ƙasa suna harbawa, sannan su sassauta, sannan su miƙe.

Ba da ido ya gano shi ba, ko da yake yana da ido takwas. Friedrich Barth na Jami'ar Biyana ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin wani mafaraucin dare na Amurka ta Tsakiya mai suna Cupiennius salei, kuma aikinsa ya nuna cewa duniyar wannan halitta duniyar girgiza ce. A ƙafafunsa akwai siraran gasu masu tsayi da ke kaɗawa da motsin iska mafi ƙanƙanta, har da iskar fiffiken ƙuda da ya gitta, sannan a fatarsa akwai dubban ƙananan tsagogi, mafi yawa kusa da gaɓoɓin ƙafa, waɗanda ke matsewa idan abin da yake tsaye a kai ya motsa. Ganyen da ya zauna a kai ya zame masa abin da yana take ga mai saƙa, duk abin da ya sauka a kai ya ba da labarin kansa, har da nauyinsa da ɓangaren da yake. Masunta kuma sukan kafa ƙafafun baya a kan dutse ko ciyawa, su ɗora na gaba a kan ruwa, su saurari igiyar da talibambam ko ɗan kifi ya tayar in ya taɓo saman ruwan. Ga mafarauta da yawa akwai kuma wani cunkoson gashi mai laushi a ƙarshen ƙafafu wanda ke manne wa abu mai santsi, shi ne ke ba su damar hawa ganye mai sheƙi, shi ne kuma ke taimaka musu riƙe abin da ke ƙoƙarin zillewa.

Sannan sai dafi. A gaban bakin gizo-gizo akwai fiƙoƙi biyu masu rami a ciki kamar allurar asibiti. Na tarantula ƙasa suke sara kamar gatari, kuma a manyansu tsawon fiƙa yakan kai santimita 2, na sauran kuwa haɗuwa suke yi daga gefe biyu kamar awartaki. Dafin gauraye ne na sinadarai masu yawa waɗanda akasari ke dagula saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, ta yadda dabbar za ta sandare ko ta saki jiki. An daɗe ana ɗaukar cewa dafin gizo-gizo don ƙwari kawai aka tanade shi, amma an gano cewa a cikin na wasu nau'o'i akwai sinadaran da suka fi tasiri a jijiyoyin masu ƙashin baya. Kwaɗo kuwa ya zo duniya ba sulke. Fatarsa siririya ce mai laushi, ba gashi ba ɓawo, domin da ita yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa. Buzuzu mai taurin baya ya fi shi wuyar hudawa nesa ba kusa ba. Ta fuskar gizo-gizo, kwaɗo dunƙulen nama ne mai taushi da ya kawo kansa.

Game da yadda marar haƙori zai ci mai ƙashi, amsar ita ce ba ya cin ƙashin, kuma a haƙiƙa ba ya haɗiye komai mai ƙarfi. Gizo-gizo a waje yake narkar da abincinsa. Yakan amayo ruwan narkarwa daga hanjinsa ya zuba a kan raunin, ya jira naman ya saki, ya tsotse romon da wani ciki mai aiki kamar famfo, ya sake amayowa, ya sake tsotsewa, haka har tsawon sa'o'i. Manyan mafarauta da tarantula suna haɗawa da dagargazawa, domin a gindin fiƙoƙinsu akwai jerin ƙananan tsinaye da suke murƙushe naman a kai, suna jujjuya shi. A bakinsa kuma akwai gashi da matata da ke tare duk wani gutsure. Wanda ya koma wurin da asuba abin da zai tarar ɗan baƙin curi ne na fata da ƙasusuwa, wanda in ba ƙwararre ba ne ba zai ce kwaɗo ne jiya ba. Hanjin gizo-gizo yana da rassa da suka cika cikinsa har suka shiga gindin ƙafafu, cikin kuma yana buɗewa, saboda haka yana iya ɗaukar babban abinci a zama ɗaya, sannan ya yi makonni bai sake ci ba, tunda jikinsa ba ya ƙona abinci da sauri. Wannan ne ya sa kwaɗo guda, ko da sau ɗaya ne a wata, yake da daraja a wurinsa, musamman ga macen da ke shirin saka ƙwai.

Lamarin ƙadangaru ya ɗan bambanta, rahotanninsa kuma ba su kai na kwaɗi yawa ba. Ƙadangare yana da ɓawo, yana da cizo, yana da gudu, sannan da yawa daga cikinsu suna da dabarar yar da wutsiya, a bar maƙiyi da guntun da ke ta mutsu-mutsu mai shi ya tsere. Waɗanda aka fi samu a bakin gizo-gizo su ne ƙananan tsaka da ƙananan ƙadangarun itace na Amurka da ake kira Anolis, kuma raunin Anolis ɗin yana cikin barcinsu. Da rana suke kiwo, da dare sai su hau ƙarshen siririn reshe ko ganye su kwanta, dabarar da ke cetonsu daga maciji, domin nauyinsa zai girgiza reshen su farka su faɗo ƙasa. Gizo-gizo ba shi da wannan nauyin. Ga shi kuma jikin ƙadangare ya huce da dare, kuzarinsa ya ragu. A Fulorida ta Amurka, wadda ba kurmi ba ce amma tana da ɗumi, an ga wani ɗan gizo-gizo mai tsalle, Phidippus regius, wanda jikinsa kusan santimita 2 ne, yana cin 'ya'yan Anolis da kwaɗin itace da suka fi shi tsawo. Shi wannan da ido yake farauta, da rana tsaka.

Masu saƙa ma suna da ɗan rabonsu. Manyan masu yana mai ruwan zinariya sukan kama ɗan ƙadangare ko tsuntsu ko jemage jefi-jefi. Dangin baƙar gizo-gizon nan mai jan tabo a ciki kuwa sukan kafa zaruruwa masu danƙo daga yana zuwa ƙasa, a ɗaure tamau, in abu ya taka su maƙale masa, sai ta riƙa ƙara zare bayan zare tana ɗaga shi sama da kaɗan-kaɗan har ƙafafunsa su bar ƙasa, ya rasa abin tokarawa.

Mai yiwuwa hoton da ka gani yana cikin waɗanda suka bazu a 2019, lokacin da masana daga Jami'ar Mishigan, ƙarƙashin Daniel Rabosky da Rudolf von May, suka buga bayanin lokuta 15 da suka ga gizo-gizo da shanshani da makamantansu suna cin ƙananan masu ƙashin baya a kurmin Amazon, akasari a yankin Madre de Dios na ƙasar Peru. Ba wannan suka je nema ba, ƙidayar kwaɗi da macizai suke yi da dare suka riƙa cin karo da shi, har suka kai ga cewa an daɗe ana raina yawan ƙananan dabbobin da ke mutuwa ta wannan hanya. Wanda ya fi tayar da hankali a cikin abin da suka gani shi ne tarantula mai faɗin faranti ya kama wata 'yar dabba mai shayarwa mai kama da ɓera da ake kira ofosum. Sun ji ƙarar ganyaye, suka haska, suka tarar ya riƙe ta a wuya tana ɗan shure-shure, bayan kamar daƙiƙa 30 ta daina, ya ja ta ya yi bayan itace da ita. Shakkar da ka yi kuwa tsohuwa ce. A 1705 wata Bajamushiya mai zane da nazarin ƙwari, Maria Sibylla Merian, wadda ta yi zama a Surinam, ta buga zanen tarantula a kan ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure, kuma masana na baya suka ƙaryata ta suka ce tatsuniya ce, har sai da Baturen Ingila Henry Walter Bates, wanda ya zauna a Amazon daga 1848 zuwa 1859, ya gani da idonsa kusa da garin Cametá na Barazil. Gani ya kori ji.

Sai dai a nan ne nake so ka ja linzami, domin hoto mai ban tsoro yana sa mutum ya auna abu fiye da nauyinsa. Nyffeler ɗin nan shi da Klaus Birkhofer sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya gaba ɗaya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na abinci a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ƙwari ne da ƙananan danginsu. Nau'i ɗari da 'yan kai cikin fiye da dubu hamsin aka kama da laifin cin kwaɗo. Abin da ka sani tun farko, cewa ƙadangare ke cin gizo-gizo, shi ne dai ya fi yawa: a ƙananan tsibiran Bahamas, Thomas Schoener da abokan aikinsa sun nuna tun shekarun 1980 cewa tsibirin da ba shi da ƙadangaru yakan tara gizo-gizo masu saƙa kusan ninki goma a kan mai su. Haka kuma rahotanni 374 ba ƙidaya ba ce ta kimiyya, tarin abin da aka ci karo da shi ne, kuma ba wanda ke ɗaukar hoton gizo-gizo yana cin gyare ya aika wa mujalla. Yawan rahotannin Kosta Rika da Fanama da Peru ma yana da alaƙa da yawan tashoshin bincike da ke can.

Misalin yadda labari ke gudu ya bar hujja a baya shi ne na Madagaska, wanda ya cika jaridu a farkon 2021. A arewa maso gabashin tsibirin wasu masu bincike sun ga gizo-gizo na jinsin Damastes ya ɗinke ganye biyu da zare ya bar ƙofa, yana cin ɗan kwaɗon itace a wurin, sai suka kawo shawarar cewa wataƙila tarko ne, kwaɗo ya zo neman inuwa da rana ya faɗa hannu. Jaridu suka ce an gano gizo-gizo mai gina wa kwaɗi tarko. Alhali sau ɗaya tak aka ga kwaɗo, sauran ɗinkakkun ganyayen gizo-gizo ne kawai a ciki, kuma irin waɗannan halittu sun saba ɗinka ganye don su sami wurin kwana. A ganina maɓoya ce da ta zo da tsautsayin kwaɗo, har sai an kawo hujjar da ta fi wannan.

Inda lamarin yake da nauyi na gaske shi ne ta ɓangaren kwaɗon. Abin da yake ƙarin abinci ne ga gizo-gizo, ga kwaɗo rai ne, kuma alamar hakan tana nan a jikinsa da ɗabi'unsa. Ka ɗauki kwaɗon itace mai jan ido na Amurka ta Tsakiya, wanda ke saka ƙwai a ganyen da ya rankwafo kan kududdufi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su faɗa ruwa. Ranakun da suka fi haɗari a rayuwarsa su ne na rikiɗa, lokacin da ƙafafu huɗu sun fito wutsiya kuma ba ta gama shanyewa ba, ƙafafu na hana shi iyo, wutsiya na hana shi tsalle, kuma dole ya ratsa bakin ruwa, daidai inda gizo-gizo masunci Thaumasia ke zaune. James Vonesh da Karen Warkentin sun gwada wannan a Fanama, suka buga sakamakon a 2006: talibambam da aka rena tare da wani babban ƙwaron ruwa mai cin su sun fita daga ruwan suna ƙanana, waɗanda aka rena tare da gizo-gizo kuwa sun fita suna manya, har sukan jinkirta fitar in babu ƙwaron a cikin ruwan. Wato abin da bai kai tsawon yatsa ba yana auna haɗarin ciki da haɗarin waje, ya gyara lokacin fitarsa. Halitta ba ta samun irin wannan ɗabi'a saboda maƙiyin da ake haɗuwa da shi sau ɗaya a shekara goma.

Guba ita ce ɗaya kariyar. A tashar bincike ta La Selva a Kosta Rika akwai wani ɗan kwaɗo ja mai shuɗayen ƙafafu, wanda ke tara guba a fatarsa daga tururuwa da ƙananan ƙwarin da yake ci. A 1985 William Szelistowski ya riƙa miƙa wa gizo-gizo na jinsin Cupiennius irin wannan kwaɗo da kuma wasu marasa guba masu girma ɗaya da shi. Gizo-gizon yakan cafke duka biyun, domin jan launin da ke gargaɗin tsuntsu da rana ba ya gaya masa komai cikin duhu, amma mai guba sai ya sake shi, marar guba ya cinye. Ɗanɗano ne ya yi aikin da launi ya kasa. Kariyar ba cikakkiya ba ce, tunda an ga wasu manyan gizo-gizo sun ci masu gubar.

Akwai kuma zaman da ya fi duk waɗannan ban sha'awa a wurina. A yankin Tambopata na Peru, Reginald Cocroft da Keith Hambler sun bayyana a 1989 cewa wani ɗan kwaɗo mai tsukakken baki, Chiasmocleis ventrimaculata, wanda bai fi santimita 2 ba, a cikin ramin tarantula yake zaune, tare da uwar da 'ya'yanta. Da magariba sukan fito tare, ita ta tsaya a bakin rami tana jiran abinci, shi yana tsintar tururuwa a tsakanin ƙafafunta. Wani lokaci takan cafke shi, ta shafa shi da gaɓoɓin bakinta, ta ajiye shi lafiya, alhali wani kwaɗon mai irin girmansa in ya gitta ya zama abinci, abin da ke nuna cewa da sinadarin fatarsa take gane shi. Ribar kwaɗon a fili take, ya sami rami mai laima da mai gadin da maciji ƙarami ba zai so ya tunkara ba. Ribar tarantula ita ce ake muhawara a kai. Ana zaton yana cinye tururuwar da ke ɓarnar ƙwanta, wadda ita ta yi mata ƙanƙanta ta kama, in haka ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, in kuma ba haka ba ne to albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko. An ga irin wannan zama a Sirilanka da Indiya, a kogunan itatuwa, tsakanin wasu tarantula da wasu kwaɗi na wannan dangi.

A Afirka kuwa akwai shi, kuma an daɗe da sani. Tun 1923 wani limamin coci mai nazarin halittu, Nendick Abraham, ya buga abin da ya gani a Natal ta Afirka ta Kudu na gizo-gizo masu cin kifi da kwaɗi. Waɗannan masuntan, da a yau ake kira Nilus, sun bazu a bakin ruwayen nahiyar, suna cin talibambam da 'ya'yan kifi da ƙananan kwaɗin nan masu launi da ke manne wa ciyawar fadama suna ƙara kamar ƙararrawa da damina. Kurmin Kuros Riba a Najeriya, da Korup a Kamaru, da Kakum a Gana, duk suna da kayan haɗin da Amazon ke da su: dangin Ctenidae na yawo da dare, manyan tarantula irin su Hysterocrates na haƙa rami, ga ƙananan kwaɗin ƙasa na jinsin Arthroleptis waɗanda su ma cikakku suke ƙyanƙyasowa. Ƙarancin rahotanni daga nan ya fi kama da ƙarancin masu fita da tocila da littafin rubutu.

Tunda kai ɗalibin wannan fanni ne, ba sai ka je kurmi ba kafin ka fara. In ruwa ya zauna, ka sa takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, ka tafi da aboki bakin fadama bayan isha'i, ka riƙe tocila a gefen goshinka daidai da idonka, domin in ka riƙe ta a ƙugu ba za ka ga walƙiyar idanun ba. Ka duba ciyawar da ta rankwafa kan ruwa da ganyayen bado. Idan ka dace da gizo-gizo riƙe da kwaɗo ko talibambam, kada ka taɓa shi kuma kada ka raba su. Ka ɗauki hoto daga sama da gefe da kuma gaba, inda jerin idanun zai fito, tunda da shi ake gane danginsa, ka ajiye murfin biro a kusa don a san girma, sannan ka rubuta rana da lokaci da wurin, da tazararsu daga ruwa, da ɓangaren jikin da ya ciza.